Maganin Barci na Asibiti da Gudanar Jini a Jikin Mata

Akwai wani irin aiki da likitoci su ke yi wa mata wanda ba ya bukatar kwana a asibiti. Mace ta zo da safe, a yi mata aikin cikin minti 15 ko 20, ta huta, kafin la'asar ta kama hanyar gida. Mafi yawansa wankin ciki ne bayan ɓari, watau kwashe abin da ya rage cikin mahaifa domin jini ya tsaya. Akwai kuma tsaga ƙurji, da ɗinke yagewa, da gutsuro ɗan nama daga bakin mahaifa domin a kai shi gwaji. Da ya ke ba a daɗewa, mutane sun raina shi, suna ce masa ƙaramin aiki. Aikin kam ƙarami ne, amma maganin da a ke sa mace barci da shi bai san ƙaramin aiki da babba ba. Yadda ya ke taɓa zuciya da jijiyoyin jini a wannan, haka ya ke taɓa su a wancan.

Ba a nufin hakimi ko magatakardansa ya zama likita. Amma ƙarar asibiti a ƙofar hakimi ta kan ƙare. Mutum ya ɗauko matarsa a kan babur daga Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari, ko daga Randagi, ko Dogon Dawa, ya kashe kuɗin mai, ya bar gonarsa, sa'an nan likita ya ce ba za a yi aikin ba sai da yamma, wai don ta sha koko. Wani a ce masa sai ya kawo mai ba da jini tukuna, alhali yana ganin matarsa da ƙafarta ta shigo. Wani kuwa a ce ya wuce da ita Kaduna. Irin waɗannan su kan komo gida da ɓacin rai, su ce an wulakanta su, maganarsu ta bazu a ƙauye, gobe maƙwabcinsu ya ƙi kai tasa matar. Hakimin da ya san dalilin likita yana iya kashe wannan wuta tun tana ƙarama.

Yadda jini ya ke gudana

Tun ƙarni na 13 wani malamin likitanci Musulmi mai suna Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya, ya bi ta huhu, kana ya komo ɓangaren hagu. A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya nuna cewa jinin nan guda ne ya ke kewaya jiki duka ya komo. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, mace ta kan ɗan gaza haka. Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana zaune lafiya, kuma cikin minti guda ta kan tura kusan duk jinin jiki ya zagaya.

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama zai gane al'amarin. Zuciya ita ce injin ban ruwa, jijiyoyin jini su ne magudanai, gaɓoɓin jiki kuwa su ne fangalai. Kafin ruwa ya kai fangalin ƙarshe sai abu uku sun daidaita: ruwan ya wadata a rijiya, injin ya yi ƙarfi, magudanan kuma kada faɗinsu ya wuce kima. In aka buɗe dukan magudanai a lokaci guda, ko da injin yana aiki, ruwan sai ya malale, ya rasa ƙarfin isa nesa. Ƙarfin nan da jini ya ke tafiya da shi, shi ne malamin asibiti ya ke aunawa sa'ad da ya ɗaura wa mutum ƙyalle a dantse ya hura masa iska. A kan sami lamba biyu, kamar 120 bisa 80 ga mai lafiya. Idan ya yi sama ƙwarai a ce hawan jini. Idan ya faɗi ƙwarai, ƙwaƙwalwa da ƙoda da ita kanta zuciyar su ke fara jin ƙishi, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jimre rashin jini fiye da 'yan mintoci.

Allah ya sa wa jiki masu tsaro guda biyu waɗanda su ke aiki ba da sanin mai jikin ba. Ɗaya kamar kaimi ya ke: in mutum ya tsorata, ko ya ji zafi, ko ya zubar da jini, sai ya zaburi zuciya ta ƙara sauri, ya tsuke jijiyoyin jini domin abin da ya rage ya isa kai da ƙirji. Ɗayan kamar linzami ya ke, yana ja wa zuciya baya. Mahayi ya san doki ba ya tafiya daidai sai da su biyun. Ko wane maganin barci yana taɓa kaimin nan ko linzamin, ko ya taɓa injin kansa. Wannan shi ne tushen maganar duka.

Asalin maganin

Mutanen da sun san tsire-tsire masu gusar da hankali, Larabawa suna ce wa irinsu banju. Amma maganin barci na asibiti ya soma ne ran 16 ga Oktoba 1846 a birnin Boston na Amurka, inda William Morton ya shaƙa wa wani mutum eta aka yi masa aiki a wuya a gaban jama'a. Shekara guda bayan haka James Simpson na Edinbara ya fara ba mata masu naƙuda kulorofom, har Sarauniya Biktoriya ta shaƙe shi a haihuwar da ta yi a 1853. Ba a jima ba aka ga ɗaya fuskar abin. A watan Janairu 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta mutu kusa da Newcastle bayan an shaƙa mata kulorofom. Aikin da za a yi mata kuwa cire farcen ƙafa ne kawai. An daɗe da barin kulorofom, domin an tabbata yana iya rikita bugun zuciya farat ɗaya.

Magungunan yau sun fi na da aminci nesa ba kusa ba, amma babu guda ɗaya da ya cika ko wace fuska. Ana bukatar mace ta yi barci, kada ta ji zafi, kada ta motsa, kuma ta farka da wuri ta tafi gida. In aka ce magani ɗaya zai yi wannan duka, sai an ba da shi da yawa, yawansa kuwa shi ne haɗarinsa. Don haka a ke haɗa biyu ko uku, ko wanne kaɗan. Gwanintar mai ba da maganin barci tana wurin sanin wanda zai gyara aibin wani, da wanda zai ƙara masa.

Halin ko wane magani

Ketamin shi ne aka fi sani a asibitocin karkara. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka fara gwada shi a jikin mutum a 1964. Ya sha bamban da sauran, domin shi kaimi ya ke taɓawa: zuciya ta ƙara sauri, ƙarfin jini ya hau, kuma galibi mai barcin yana ci gaba da numfashi da kansa. Ba shi da tsada, ba ya bukatar firiji, ba ya bukatar babban inji. A 2015 ƙasar Sin ta nemi a tsananta dokar sayar da shi a duniya sabo da masu shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a yi, domin ƙasashe matalauta da shi su ke aiki. Aibinsa uku ne. Yana kawo yawan yawu. Yana sa mugun mafarki da sambatu wajen farkawa, abin da ya kan sa dangi su zaci iska ce ta taɓa mace, alhali magani ne, kuma yana wucewa. Na uku, ga mai hawan jini yana iya tura jinin inda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba za su ɗauka ba.

Furofofol, farin ruwan nan mai kama da madara, an fito da shi kasuwa a 1986. Cikin ƙasa da minti guda mutum ya yi barci, bayan minti 5 zuwa 10 ya farka garau, ba yawan tashin zuciya. Sabo da haka aka fi son sa a aikin da za a koma gida a ranar. Amma shi magudanai ya ke buɗewa. Jijiyoyin jini su saki, ƙarfin jini ya faɗi, kuma ya dushe kaimin da zai sa zuciya ta rama. Ya kan tsai da numfashi na ɗan lokaci, don haka ba a ba da shi sai inda akwai iskar oksijin da wanda ya iya hura wa mutum numfashi. Tiyofenton, tsohon magani na 1934, shi ma yana kā da jini.

Sai magungunan kashe zafi masu dangantaka da ofiyom, irin su fentanil, da fentazosin wanda aka fi samu a asibitocin ƙasar nan. Fentanil linzami ya ke ja, zuciya ta rage sauri, numfashi ya yi ƙasa. Akwai kuma masu kwantar da hankali, dayazifam da midazolam. Su kaɗai ba su cika taɓa jini ƙwarai ba, amma in sun haɗu da mai kashe zafi sai ƙarfinsu ya ninka. Dayazifam yana da wani hali da ya kamata a sani: ya kan daɗe cikin jiki fiye da kwana guda, mace ta farka, ta yi magana, amma jiri da magagi ba su sake ta ba.

Idan aka haɗa su

Furofofol da fentanil suna ba da barci mai kyau da farkawa da wuri, ga lafiyayyiyar mace mai cikakken jini ba laifi. Sai dai dukansu gefe guda su ke ja, wannan ya saki jijiyoyi, wancan ya rage gudun zuciya. Magudanai sun buɗe, inji kuma ya sassauta. A nan a ke ganin jini ya faɗi cikin mintocin farko, tun ba a taɓa mace ba.

Ketamin da furofofol kuwa kishiyoyin juna ne, kuma wannan ne amfaninsu. Ɗaya yana ɗaga jini, ɗaya yana sauke shi, sai awon ya tsaya kusa da inda ya ke tun farko. Furofofol yana rage mafarkin ketamin da amansa, ketamin yana kashe zafin da furofofol ba ya kashewa. Gwaje-gwaje da dama a ƙananan ayyukan mata sun nuna jini bai cika faɗuwa da wannan haɗi ba kamar yadda ya ke yi da furofofol da fentanil, ko da ya ke farkawa ta kan ɗan yi jinkiri in ketamin ya yi yawa. Inda babu furofofol a kan haɗa ketamin da dayazifam, sau da yawa a sa atirofin domin yawu. Haɗi ne mai riƙe jini, amma atirofin shi ma yana hanzarta zuciya, ga kaimi kan kaimi ke nan, zuciyar da ba ta da lafiya ba ta son haka. Kuma matar da aka ba shi ba ta saurin wartsakewa.

Aikin mata yana da wani abu nasa na kansa. Bakin mahaifa yana da jijiyoyi masu haɗi da linzamin nan na zuciya. Sa'ad da likita ya kama shi ko ya buɗe shi, musamman in barcin bai yi nisa ba, zuciya tana iya sauka daga 80 zuwa 40 cikin ƙiftawa da bismilla, mace ta jiƙe da gumi, ta suma. In dama an ba ta maganin da ke jan linzami, abin ya fi tsanani. Maganinsa sananne ne: likita ya dakata, a ɗaga ƙafafunta, a yi mata allurar atirofin, zuciya ta komo. Amma sai da mai lura wanda yatsansa ko idonsa ya ke kan bugun zuciyar, kuma allurar tana kusa a zuƙe.

Bayan wannan akwai magungunan tsuke mahaifa, waɗanda ba na barci ba ne amma a lokaci guda a ke ba da su. Oksitosin, in aka tura shi cikin jijiya da sauri, yana sakin jijiyoyin jini, ya ƙara wa furofofol ƙarfi wajen kā da jini, shi ya sa a ke ba da shi sannu a hankali ko cikin ƙarin ruwa. Egometirin kuwa tsuke jijiyoyi ya ke yi, jini ya hau. Mai hawan jini da aka ba ta ketamin, aka bi ta da egometirin, an jefa ta cikin haɗari sosai. Halotan, iskar barci ta 1956 wadda ta yi shekaru tana aiki a asibitocin Afirka, tana raunana bugun zuciya, tana kuma sakin mahaifa har jini ya ƙi tsayawa. Ƙasashe da yawa sun bar ta.

Ba dole ne a sa mace barci ba

Wannan shi ne abin da mazaje da yawa ba su sani ba, har su kan roƙi likita ya sa matarsu barci don tausayi. A wankin ciki na farkon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a riƙa sa mace cikakken barci ba. Abin da ta fi so shi ne a ba ta ƙwayar kashe zafi, a yi allurar lidokayin a gefen bakin mahaifa, a zuƙe abin da ya rage da sirinji na musamman, ita kuwa tana farke ana yi mata magana. Wani lokaci ma ƙwayar misofurostol ta wadatar, ba sai an yi aiki ba. Ta wannan hanya ba a taɓa kaimi ko linzami da magani ba, numfashi yana hannun mai shi, mace ta tashi da wuri. Ita ma tana da sharaɗi: lidokayin in ya shiga jijiyar jini, ko ya wuce kima, yana sa ƙarar kunne, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da jijjiga, har ya rikita zuciya. Aikin wanda ya koya ne.

Ga aikin da ya fi wannan girma akwai allurar baya, wadda August Bier na Jamus ya fara yi a 1898. Ana sa maganin cikin ruwan da ya kewaye laka, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, mace tana farke. Da ita aka yi wa dubban mata gyaran yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da Kano da Zariya. Ba ta taɓa hankali, amma tana kashe kaimin ƙasan jiki duka, jini ya taru a ƙafafu da ciki, awo ya faɗi. Don haka a kan sa ƙarin ruwa, a ajiye allurar efedirin kusa. Ba a yi wa matar da ke cikin zubar jini mai yawa.

Matan wannan ƙasa

A ɗauka mata biyu ne suka zo asibitin Birnin Gwari rana guda, dukansu ɓari suka yi. Ta farko a cikin gari ta ke, jini ya fara da asuba, da hantsi ta iso. Ta biyu daga bakin dajin Kamuku ta fito, kwana biyu tana zubar jini ana jiƙa mata saiwa, ga zafin bazara, ga tafiyar babur. An auna su, awon ko wace ya nuna kusan daidai. Mai kallo zai ce magani ɗaya za a ba su. To, ba haka ba ne. Matashiya tana iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na jininta kafin awo ya faɗi, domin kaimin jikinta ya tsuke ko wace jijiya, zuciya kuma tana ta gudu. Awon ta biyun nan kamar bangon da aka tokare da itace ne. Alamarsa ita ce saurin bugun zuciya, da sanyin hannu, da farin ido da tafi. In aka ba ta furofofol an zare tokarar, jini ya rushe a take. Ketamin ya fi dacewa da ita, amma ko shi, in jiki ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa, ba abin da zai zabura, sai ya danne zuciyar. Sabo da haka likita ya ke cewa a fara sa ruwa, a nemo jini, kana a yi aiki. Ba jan rai ba ne, ba kuma neman kuɗi ba.

Ƙarancin jini ya yi yawa tsakanin matan karkara, sabo da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa kusa, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Akwai masu sikila, waɗanda sanyi da ƙishi da ƙarancin iska su ke tayar musu da ciwo. Akwai masu hawan jini waɗanda ba a taɓa auna su ba. Akwai kuma ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda ya fi yawa a arewacin Nijeriya bisa mafi yawan wuraren duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka yi bincike a kansa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta. Binciken da likitocin zuciya na Kano suka jagoranta daga baya ya fi ɗora nauyin a kan talauci, da rama, da hawan jini na lokacin ciki. Ko ma wanne ne, matar da ta haihu cikin 'yan watannin nan, tana kumburin ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta tada kai da matasai, ba a yi mata aikin sha yanzu magani yanzu. Zuciyarta ba za ta ɗauki saukar furofofol ba, ba za ta ɗauki gudun ketamin ba. Irinta a ke turawa Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Shika.

Abin da mace ta sha a gida shi ma yana shiga lissafi. Mai shan taramol ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018, jikinta ya saba, awon da ya ishi wata ba ya isarta. Wadda aka yi wa allura a kemis kafin a taho, allurar tana nan cikin jininta. Mai shan maganin hawan jini, likita ne zai faɗi wanda za ta sha da safen da wanda za ta dakatar. Kunya ta kan hana mace faɗin waɗannan a gaban miji ko suruka, don haka in malamar asibiti ta ce dangi su ɗan fita, kada a ɗauke shi raini.

Zancen koko kuwa ga dalilinsa. Mai barcin magani ba ya iya tare amai, in ya taso sai ya gangara huhu. Ƙa'ida ita ce awa 6 ba abinci, kuma koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne. Ruwa zalla ana iya sha har saura awa 2. Wadda ta ƙi ruwa tun daren jiya don tsoro ita ma ta cuci kanta, domin ta iso da rijiya a ƙafe. Idan jini yana zuba ƙwarai likita ba zai jira awa 6 ba, yana da dabarar da zai bi.

Bayan aiki, da hanyar gida

A 2018 aka buga wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 25 na Afirka, har da Nijeriya, a kan mutum 11,422 da aka yi wa aiki. An ga haɗarin mutuwa bayan aiki ya ninka na matsakaicin duniya, ko da ya ke marasa lafiyan sun fi ƙuruciya. Mafi yawan waɗanda suka rasu kuwa ba a kan tebur suka rasu ba, a kwanakin baya ne, sa'ad da ido ya ɗauke daga kansu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin barci ta duniya suka fitar a shekarar nan ta ce wanda ya koyi aikin ya tsaya kan mai barci daga farko har ƙarshe, a auna jini ko wane minti 5 aƙalla, a maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. Wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, ya ƙago ta a farkon shekarun 1970. Da batir ta ke aiki. Mai lafiya ta kan nuna masa 95 ko fiye, in ta sauka ƙasa da 90 akwai matsala. Hakimin da ke cikin kwamitin asibitin gundumarsa yana da ikon tambaya ko akwai ta, da oksijin, da wanda aka ware domin lura da mai barci, ban da mai yin aikin.

Wanda ya tsara aikin komawa gida a ranar ya yi shi ne da tunanin mai gida kusa da asibiti. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kamar kilomita 120 ne, ta Udawa da Buruku, daga ƙauyukan daji zuwa Birnin Gwari kuma wata tafiyar ce, da damina ta fi wuya. A shekarun da 'yan bindiga suka tsare hanyoyin nan mata da yawa ba su iya isa asibiti da dare ba. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma nisa bai ragu ba. Jijiyoyin matar da ta farka ba su gama komawa daidai ba, in ta miƙe da sauri jini ya gangara ƙafa, ta ga duhu, ta faɗi. A ɗora irin wannan a bayan babur cikin rana ganganci ne. Ba a sallamarta sai ta zauna, ta tsaya, ta yi tafiya ba jiri, ta sha ruwa bai komo ba, jini ya tsagaita. Wadda aka yi wa allurar baya sai ƙafafunta sun komo ta kuma yi fitsari. In gida da nisa, gara ta kwana a gari wurin dangi ko a masaukin da mai unguwa zai nuna. In babu makawa sai babur, a sa wata mace a bayanta ta riƙe ta. Har awa 24 kada ta yi girki a kan wuta, kada ta je rijiya, kada a bar ta ita kaɗai da jariri a hannu.

Abin da a ke roƙon hakimai su isar wa dagatai da masu unguwa da ungozomomi bai da yawa. Matar da ta yi ɓari jini bai tsaya ba a taho da ita a ranar, tare da namiji biyu masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Mijin da zai yi tafiya ya bar izini a bayansa, domin kada a tsaya jiransa. Kada a yarda a yi wa mace wankin ciki ko allurar barci a kemis ko a ɗaki. Magatakarda in zai rubuta takardar rakiya ya sa ranar da jini ya fara, da abin da aka ba ta na gargajiya ko na kemis, da lokacin da ta ci abinci na ƙarshe, da watan da ta haihu in ba ta daɗe ba. In akwai kwalin magani ko kwalba a taho da shi.

Bayan an koma gida, in jini ya jiƙe ƙunzugu biyu cikin awa guda ya kuma maimaita haka, ko mace ta suma, ko zazzaɓi ya kama ta, ko ruwa mai wari ya fito, ko ciki ya ɗaure da ciwo, ko numfashi ya yi mata wuya, a mai da ita asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, a kwance, an tada ƙafafunta sama da kanta, tare da katin da aka sallame ta da shi.